Damin da ke cikin ƙwayar zarra

Jama'a masu saurare, na Droum da ƙauyukanta, na Miriya da birnin Damagaram, iyaye da malamai, da ku ƴan makaranta da kuka matso kusa da akwatin rediyo. Yau za mu shiga wurin da ido bai taɓa kaiwa ba, wato cibiyar ƙwayar zarra. Magana ɗaya nake so in tsayar, in kawo mata hujja, in kuma amsa wa masu ja da ita. A cikin cibiyoyi marasa nauyi, irin na kabon da oksijin da jikinmu ya ginu a kansu, ƙwayoyin ciki sukan haɗu hurhuɗu su dunƙule, kuma an kai ga sanin haka ne da awo, ta hanyar harba musu furoton a duba yadda ya fito. Wannan ilimi ya shafe mu, mu ƴan Nijar, fiye da yadda muke zato, kuma zan zo kan dalili.

Duk abin da hannu ke taɓawa, gawayin mai shayi ne, ruwan rijiya ne ko ƙwayar hatsi, da ƙwayoyin zarra aka gina shi. Ƙanƙantarsu ta kai a jera kimanin miliyan goma a tsawon milimita ɗaya. A tsakiyar kowace akwai cibiya, wadda faɗinta bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na faɗin zarrar ba, amma kusan dukkan nauyin yana wurinta. Ƙwayoyi iri biyu ne ke zaune a cibiyar: furoton mai cajin lantarki, da niyutoron marar caji. Yawan furoton shi ke raba sinadari da sinadari. Haidirojin yana da 1, hiliyom 2, litiyom 3, beriliyom 4, kabon 6, oksijin 8, yuraniyom ɗin Arlit kuwa 92. Lambar da za ku ji ina haɗawa da suna, kamar kabon 12, jimillar furoton da niyutoron ce, shida da shida ke nan. Kusan kashi 18 cikin 100 na nauyin jikin mutum kabon ne, oksijin kuma ya haura rabi.

To, ƙwayoyi goma sha biyun nan na kabon, yaya suke zaune? Manomi ya san bambancin rumbu biyu a lokacin kaka. Wani yakan kwance damin hatsi ya zuba zangarniya a watse, kowace ta kwanta inda ta faɗi. Wani kuma yakan shigar da damin a ɗaure, ya jera su ɗaya bisa ɗaya, igiyar kaba tana riƙe da kowane. Hatsin ɗaya ne, nauyin ɗaya, amma wanda ya zura hannu ta bakin rumbu a cikin duhu zai gane wanne ne, domin a na farko zangarniya ɗaya ɗaya zai riƙa zarowa, a na biyu kuwa in ya ja sai dami guda ya biyo shi. Damin da masana ke nema a cikin cibiya shi ne furoton biyu da niyutoron biyu a haɗe, abin da ake kira ƙwayar alfa, wadda ita ce cibiyar hiliyom. Ɗaurinta ya fi na duk wata ƙaramar cibiya da ke kusa da ita tsanani. Akwai ma'aunin kuzari da masu wannan fanni ke aiki da shi, ana ce masa MeV. Sai an kashe MeV 28 kafin a warware alfa zuwa ƙwayoyinta huɗu, kuma ko girgiza ta ba a iya yi da abin da bai kai MeV 20 ba. Idan kabon 12 alfa uku ne a jere, oksijin 16 kuma alfa huɗu, lallai ya kamata a ga alamar haka a awo.

Zargin ya daɗe. A 1899 Ernest Rutherford ya raɗa wa alfa suna yayin da yake nazarin tururin da yuraniyom ke fitarwa. Yuraniyom 238, wanda shi ne mafi yawa a dutsen da ake haƙowa a arewacin ƙasarmu, yana tofar da alfa a hankali, har sai bayan shekara biliyan 4.5 rabinsa ke ƙarewa, kuma kafin zarra ɗaya ta gama rikiɗewa ta zama dalma, alfa takwas ne ke fita daga zuriyarta. A 1932, a Kambirij ta Ingila, John Cockcroft da Ernest Walton suka harba furoton kan litiyom, sai cibiyar ta rabe gida biyu, alfa ɗaya ta yi nan, ɗayar ta yi can. An kuma lura cewa cibiyoyin da za a iya rabawa zuwa alfa daidai ba saura, kamar kabon 12, oksijin 16 da niyon 20, sun fi maƙwabtansu ƙarfin ɗauri. Beriliyom 8 ma ba ya iya zama ko kaɗan, da ya haɗu sai ya rabu zuwa alfa biyu cikin ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin biliyan goma sau miliyan na daƙiƙa ba. A kan haka ne Lawrence Hafstad da Edward Teller suka rubuta a 1938 cewa a ɗauki irin waɗannan cibiyoyi a matsayin ginin alfa. Amma a 1949 Maria Goeppert Mayer a Amurka da Hans Jensen a Jamus suka zo da wani bayani, cewa kowane furoton da niyutoron yana yawo shi kaɗai a nasa zagaye, hawa hawa. Bayaninsu ya dace da awo mai yawa, har ya kai su ga lambar Nobel a 1963, maganar dunƙulewa kuwa aka ajiye ta gefe.

Taurari ne suka dawo da ita. Ranar da ke gasa gonakinmu a bazara tana haɗa furoton huɗu ta mayar da su alfa, daga nan zafinta ke fitowa. Kabon kuwa a cikin tsofaffin taurari ake ƙera shi, inda zafi ya kai digiri miliyan 100, kuma hanya ɗaya ce: alfa biyu su haɗu su zama beriliyom 8, ta uku ta riske su kafin su rabu. Da Fred Hoyle na Ingila ya yi lissafi, sai ya ga wannan hanya ba za ta iya samar da yawan kabon da ke sararin samaniya ba, sai dai in cibiyar kabon tana da wani mataki na kuzari daidai inda alfa uku ke haɗuwa. A 1953 ya je Kalifoniya ya roƙi masu gwaji na cibiyar Caltech su nemo shi, rukunin Ward Whaling suka nema suka samu. Matakin yana MeV 7.65 sama da zaman kabon na yau da kullum, ɗan kaɗan sama da MeV 7.27 inda kabon ke iya wargajewa zuwa alfa uku. Cikin kowane dubu goma da suka hau wannan mataki, kimanin huɗu ne kawai ke sauka su zama kabon mai ɗorewa, sauran su watse. Daga wannan huɗun ne aka samu kabon da ke cikin hatsi da nono da jinin ɗan Adam. Wani abin lura shi ne, lissafin masu cewa kowa na yawo shi kaɗai ya kasa ajiye wannan mataki a inda aka same shi, lissafin alfa uku kuwa ya ajiye shi ba wahala.

Na san abin da wani dattijo zai ce a nan, kuma yana da gaskiyarsa: gani ya kori ji, wa ya taɓa ganin cibiyar nan? Ba wanda ya gan ta, kuma ba madubin da zai nuna ta, domin hasken da ido ke gani da shi ya yi mata kauri nesa ba kusa ba. Abin da ake yi shi ne a harba mata wani abu da aka san nauyinsa da gudunsa, a auna inda ya karkata da kuzarin da ya rasa. Ita kanta cibiyar da haka aka gano ta. A 1909, a Manchesta, Hans Geiger da Ernest Marsden suka riƙa harba alfa kan siririn fallen zinariya, mafi yawa suka wuce, ƴan kaɗan suka dawo baya, a 1911 Rutherford ya nuna da lissafi cewa dole akwai wani ɗan abu mai nauyi a tsakiya. An fi son furoton a wannan aiki saboda dalilai masu ƙarfi. Ƙwaya ɗaya ce, ba ta da sassan da za su tarwatse su rikita awo a irin wannan gudu. Tana da caji, don haka ana iya ingiza ta da lantarki, a lanƙwasa hanyarta da maganaɗisu. An kuma shafe shekaru ana auna yadda furoton ke karo da alfa da ke zaune ita kaɗai, saboda haka akwai ma'aunin da za a gwada sabon sakamako da shi.

Bari in kai ku ɗakin gwaji ɗaya a nahiyarmu, cibiyar iThemba LABS da ke kusa da Kef Tawun a Afirka ta Kudu. A can akwai na'ura mai juya furoton a zagaye tsakanin manyan maganaɗisai, kowane zagaye tana ƙara masa kuzari, har ta iya kai shi MeV 200, fiye da rabin gudun haske. Daga nan a sako shi cikin dogon bututu da aka zuƙe wa iska, ya je ya sami fallen kabon da ya fi takarda sirantaka, an ɗaure shi a ɗan firam a tsakiyar akwatin ƙarfe. Ba mutum a ɗakin lokacin da ake harbi, masu aikin suna wani ɗaki bayan katangar kankare suna kallon allon kwamfuta, dare da rana, suna karɓar juna. Furoton da ya bugi cibiya ya karkata yakan shiga wata babbar na'urar maganaɗisu da ake kira K600, wadda ke lanƙwasa mai gudu kaɗan, ta lanƙwasa marar gudu da yawa, ta yadda kowane zai sauka a wurinsa. Cibiya ba ta karɓar kuzari yadda aka ga dama, sai daidai da matakanta. Saboda haka a kan allo sai a ga tsibi tsibi: waɗanda suka bar MeV 4.44 a cikin kabon, waɗanda suka bar 7.65, waɗanda suka bar 9.64. A 2009 Martin Freer na jami'ar Bamingam da abokan aikinsa na Afirka ta Kudu suka wallafa awon da suka yi a can da furoton mai MeV 66. Sun zaɓi kusurwoyin da sauran tsibin da ke rufe wurin suka fi raguwa, sai ga alamar wani mataki mai faɗi a wajen MeV 9.6, wanda aka shafe fiye da shekara hamsin ana nema.

Me ya sa wannan mataki ya dami masana haka? Idan matakin Hoyle alfa uku ne masu siffa, to zai iya juyawa, kuma kuzarin da juyin ke ci yana faɗin siffar, domin abu mai tsawo ya fi dunƙulalle arhar juyi a ma'aunin cibiya. Tun 1956 Haruhiko Morinaga ya kawo shawarar cewa alfa ukun suna jere ne a miƙe. Da haka ne, da matakin juyin bai kai MeV ɗaya sama da na Hoyle ba. An same shi wajen MeV biyu sama, wanda ya kore miƙaƙƙen layi, ya bar siffa mai kusurwa uku ko lanƙwasasshen layi. Su Freer ba su ce sun gama ba, alama suka ce sun gani. Sai da masu gwaji a Osaka ta Japan suka harba alfa a maimakon furoton suka wallafa nasu a 2011, sannan a 2013 wasu a jami'ar Duke ta Amurka suka fasa kabon da haske mai tsananin kuzari suka sami matakin a wajen MeV 10, kafin hankali ya kwanta. Na'ura uku daban, a nahiya uku, da makami uku, suka nuna wuri ɗaya. A ganina wannan ya fi shaidar ido ɗaya ƙarfi, domin ido ɗaya yana iya ruɗuwa, amma da wuya kuskure iri ɗaya ya afka wa hanyoyin da ba su haɗa komai ba.

Akwai hanya ta biyu da ta fi wannan kai tsaye, ita ce zura hannu cikin rumbun. A harba furoton mai gudu, a ajiye na'urar ganowa ɗaya a dama, ɗaya a hagu, kada a ƙirga komai sai lokacin da furoton ya faɗa ɗaya, alfa ta faɗa ɗayar, a tare. Tunda an san kuzarin da ya shiga, an kuma auna na biyun da suka fito da kusurwarsu, lissafi zai ba da abin da ya rage a cibiyar da aka bari, har da gudun da alfar ke yi a ciki kafin a buge ta. An yi wannan da beriliyom 9, da kabon 12, da oksijin 16, da niyon 20. Masu bincike na jami'ar Stellenbosch sun yi shi a iThemba da furoton mai MeV 100 a kan kabon 12, suka wallafa a 2009.

A nan ne ja mafi nauyi yake, kuma masana da kansu ne suka fara kawo shi. Fitowar alfa ba ta nuna cewa tana ciki tun farko. Mai yiwuwa bugun ne ya tara ƙwayoyi huɗu a kan hanyar fita, suka haɗu a bakin ƙofa. Amsa ta farko lokaci ne. Furoton mai MeV 100 yana gudun da ya haura kashi 40 cikin 100 na gudun haske, yakan ratsa cibiyar kabon cikin lokacin da ya fi rayuwar beriliyom 8 gajarta sau miliyan. Ba sararin da ƙwayoyi huɗu da ke warwatse za su nemi juna su shirya. Amsa ta biyu ta fi ƙarfi. Idan furoton ya tarar da alfa a haɗe ya buge ta, to yadda yawan bugun ke hawa da sauka daga kusurwa zuwa kusurwa dole ya bi sawun karon furoton da hiliyom da ke zaune shi kaɗai. Furoton yana da wani juyi na kansa, kuma ana iya jera juyin gaba ɗaya ya fuskanci sama ko ƙasa kafin harbi, a ga bambancin da hakan ke kawowa tsakanin dama da hagu. Wannan bambanci yana da saurin lalacewa, da an sami karo biyu ko uku a jere sai ya dushe. A gwajin Stellenbosch bai dushe ba, ya bi sawun karon furoton da hiliyom. Wanda ya ce a bakin ƙofa aka haɗa alfar, sai ya bayyana yadda haɗuwar gaggawa ta kwaikwayi wannan sawu kusurwa bayan kusurwa.

Duk da haka akwai iyakar da gaskiya ta ce a faɗa. Alfar da aka buge a can tsakiyar cibiya ba ta cika fitowa lafiya ba, sauran ƙwayoyi kan haɗiye ta, don haka wannan awo bakin cibiya yake gani. Kuma kafin a ce kashi kaza na lokaci cibiyar a dunƙule take, sai an bi ta lissafin yadda furoton ke shiga da yadda alfa ke fita, lissafin da in aka sauya zatonsa adadin kan sauya sosai. Shi ya sa tsofaffin awo suka riƙa ba da adadi mabambanta, sai a 2019 masu lissafi a Japan suka sake bin awon niyon 20 na shekarun 1980 da ingantaccen tsari, suka ga ya dace da hasashen da aka gina daga ƙwayoyi ashirin ɗin kansu. A nan ma kwatancen rumbu ya tsaya. Damin hatsi in an ɗaure ya ɗauru har ranar sussuka, dunƙulen alfa kuwa yana haɗuwa yana warwarewa, ƙwayoyinsa suna musanya da na maƙwabta. Kabon da ke zaune lafiya ya fi kusa da bayanin Mayer da Jensen, da ɗan rabon dunƙulewa a gefensa. Dunƙulewa sosai tana bayyana ne idan kuzari ya kai kusa da inda cibiya za ta rabu, ƙa'idar da Kiyomi Ikeda da abokansa biyu suka tsara a 1968. Bayanan biyu kowane yana da wurin da ya fi ƙarfi, kuma aikin furoton shi ne auna rabon kowane.

Hanyar ta ci gaba da ba da sakamako. A 2021 mujallar Science ta wallafa gwajin Osaka da furoton mai MeV 392 a kan kuza iri huɗu, daga kuza 112 zuwa kuza 124, inda aka ga alfa na raguwa a bakin cibiya gwargwadon ƙaruwar niyutoron, kamar yadda lissafi ya riga ya faɗa kafin awo. Wannan ya taɓa tsohuwar tambayar yuraniyom, wato inda alfar da yake tofarwa ke haɗuwa kafin ta fito. Cibiyoyin da ba a iya yin falle da su kuma, sai a juya gwajin, a harba cibiyar kan haidirojin, tunda cibiyar haidirojin furoton ce. Haka aka yi da beriliyom 10 a cibiyar RIKEN kusa da Tokiyo, aka wallafa a 2023 cewa alfa biyu ne, niyutoron biyu suna riƙe da su.

Saura ja na ƙarshe, wanda na fi jin nauyinsa a matsayina na mai magana da mutanen Droum. Mutumin da ke lissafin ko hatsinsa zai kai shi damina, ina ruwansa da alfa uku? Ba zan ce muku wannan bincike zai ƙara dami ɗaya a gona bana ba. Amma amfaninsa ya riga ya shigo aikin yau da kullum ta wasu ƙofofi. Beriliyom 9 alfa biyu ne da niyutoron ɗaya a tsakani, kuma MeV 1.67 kacal ke cire wannan niyutoron, alhali na kabon 12 sai an kashe fiye da 18. Wannan sassauci na cikin dalilan da suka sa in aka gauraya beriliyom da sinadari mai tofar da alfa ake samun maɓuɓɓugar niyutoron da za a iya ɗauka a mota. Da irin wannan karo James Chadwick ya gano niyutoron a 1932. Da shi malaman gona ke auna damshin ƙasa, su zura ɗan bututu a rami, ruwan da ke ƙasa ya rage wa niyutoron gudu, a ƙirga waɗanda suka dawo. Da shi ake leƙa duwatsun rijiyar mai a ko'ina a duniya, kuma mu ƙasa ce da ke haƙo mai a Agadem, tana tace shi a matatar SORAZ a nan jihar Damagaram tun 2011. A fannin lafiya, ana ƙona ciwon daji da furoton, kuma ita na'urar iThemba ɗin ta fara wannan jinya a 1993 ta shafe fiye da shekara ashirin tana yi. Furoton da ya shiga jiki da kabon da oksijin yake karo, wani lokaci ya fasa su alfa ta fito, kuma dole mai lissafin magani ya san yawanta kafin ya saita na'ura a kan kan yaro.

Babbar hujjata dai mutane ce. An fara fitar da yuraniyom daga Arlit a 1971, daga Akuta a 1978 har zuwa rufe ta a 2021. Shekara hamsin ƙasar nan tana cikin manyan masu sayar wa duniya wannan ƙarfe, ana kunna fitilun wasu ƙasashe da shi. Wanda zai auna iskar radon a ramin haƙa, ya gwada ruwan rijiyar da ke kusa da tarin dusar ma'adini, ya zauna a teburin ciniki ya san abin da ke cikin gangar da ake sayarwa, dole ya san cibiyar zarra ciki da bai, kuma irin wannan sani a wurin gwaji ake samunsa. Ɗalibin da ya kwana yana raba alfa da furoton a allon kwamfuta ya koyi na'urar gano tururi, ya koyi lissafin kuskuren awo, ya koyi kada ya amince da adadi sai ya san yadda aka same shi. Muna da wuraren da ke jiran irinsa: Cibiyar Radiyo-Izotof ta jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa, da cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai wadda ta fara jinya da tururin kobalt a 2021. Shi kansa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929, nan kusa da mu, ya karanci kimiyyar fiziks har ƙoli, ya dawo ya shugabanci ofishin makamashin rana na ƙasa, ya kuma riƙe jami'ar.

Wani zai ce na'urar ta fi ƙarfin aljihunmu. Haka ne, kuma ban ce a gina ta a Damagaram ba. Ƙasashe masu arziki ma haɗa kai suke yi, masu bincike su rubuta buƙata, a ba su kwanakin harbi a na'urar wata ƙasa. iThemba tana karɓar ɗalibai daga sassan Afirka. A Zariya, cibiyar binciken makamashi ta jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramin injin nukiliya na bincike tun 2004. Sannan rabin wannan aiki lissafi ne. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya da ke Biyana tana ajiye da awon karon cibiyoyi na shekaru masu yawa a intanet kyauta, kuma mun ji yadda aka ciro sabon sakamako daga awon da ya haura shekara talatin. Malami a tsangayar kimiyya ta jami'ar André Salifou a Damagaram, da kwamfuta da ɗalibai biyu masu naci, yana iya shiga wannan layi. Abin da ke hannunmu mu iyaye shi ne matakin farko, yaro ko yarinyar da malamin lissafi ya yaba a kwaleji, a bar su su kai lise, a ƙarfafa musu su shiga ajin kimiyya, kada a cire su saboda aikin gona na shekara ɗaya ko auren wuri.

Aikin kuwa bai ƙare ba. Har yanzu masu lissafi ba su daidaita kan siffar matakin Hoyle ba, wasu sun sami lanƙwasasshen layi, wasu kusurwa uku, wasu kuma suna ganin alfa ukun suna yawo ne sakaka ba tsayayyar siffa. A oksijin 16 ana neman matakin alfa huɗu sama da MeV 14.4, inda cibiyar ke iya rabuwa huɗu. An daɗe ana zargin wani mataki a MeV 15.1, sai awon da aka yi da K600 aka wallafa a 2017 ya nuna alamar cewa akwai wani matakin a maƙale kusa da shi, wanda na'urorin baya ba su iya rabawa ba, don haka sai an sake tantance wanne ne a cikinsu.